Littattafan Wannan Mako, da Wani Littafi da Har Yanzu Ba a Rubuta Ba

Littattafai huɗu ne suka shigo hannuna a wannan makon: biyu daga shagunan da ke kewaye da Babban Masallacin Juma'a na Jos, biyu kuma daga wajen masu baza tsofaffin littattafai a kan leda a gefen titi kusa da Taminus. Tun da gobara ta cinye babbar kasuwar Jos a 2002 ciniki ya watsu a kan titunan da ke zagaye da ita, don haka mai neman littafi sai ya yarda ya tsuguna tsakanin masu gwanjo da masu kayan miya yana ɗaga kundi bayan kundi.

Na bakin masallacin ba za su ja mu da nisa ba. Ɗaya ƙaramin littafi ne na waƙoƙin wa'azi da aka rubuta da ajami, wanda na saya domin idona ya ci gaba da sabawa da rubutun. Ɗayan kuma ƙagaggen labarin soyayya ne na wata marubuciya daga Kano. Mai shagon ya ce irinsu sun yi ƙaranci yanzu, domin tsadar takarda ta sa marubuta da yawa sun koma sakin labaransu kashi-kashi a WhatsApp da Wattpad, masu karatu suna biya ta waya.

Na uku tsohon bugu ne na Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, wanda kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya fitar. Yana cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar rubutun zube da Baturen nan jami'in ilimi Rupert East ya shirya a 1933, lokacin da marubucinsa yake matashin malamin makaranta a Bauchi. Ina da wani kwafin a gida, amma na baya-bayan nan ne, tawadarsa ta kode, takardunsa kuma suna zubewa domin da gam kawai aka haɗa su. Wannan kuwa ɗinke shi aka yi da zare. Takardar ta yi ja kamar ƙasar Bukur, akwai hatimin wata makarantar sakandare a shafin farko, kuma wani ɗalibi ya bi gefen shafukan da fensir yana rubuta sunayen garuruwan da labarin ya ratsa. Na daɗe ina bin sawun fensirin nan kafin na ce a sallama mini.

Littafi na huɗu shi ne ya hana ni barci da wuri. Na Turanci ne, bincike ne a kan tarihin haƙar kuza a Filato da rayuwar leburorin da suka yi aikin, kuma dattijon da ke sayar da shi ne ya zaro shi daga ƙasan buhu. "Malam, wannan naka ne," in ji shi, "mahaifina a ramin kuza ya ƙare ƙarfinsa, amma ni ban iya karanta abin da suka rubuta a kansa ba." Na ce, "Baba, in na gama zan zo in ba ka labarin abin da ke ciki." Ya yi murmushi, ya naɗe mini shi a tsohuwar jarida.

Duk wanda ya tashi a garin nan ya san kududdufan da ke hanyar Bukur da Barikin Ladi, da tulin jar ƙasar da ke gefensu, amma kaɗan ne aka taɓa zaunar da su aka gaya musu yadda abin ya faro. Kamfanonin Turawa sun shigo ne a farkon ƙarni na 20, suka karɓe gonakin Berom da sauran ƙabilun tsaunin suka mayar da su ramuka, sannan suka buɗe ƙofa ga leburori daga ƙasar Kano da Zazzau da Bauchi da Barno da wasu wurare masu nisa. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Filato domin kwashe kuzar. Da Japan ta kame Malaya a Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta juyo kan Filato. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗiban mutane da ƙarfin tsiya daga lardunan Arewa ta hannun sarakuna da hakimai, aikin da jama'a suka sani da ɗiban gwamna. Mutanen da suka saba da zafin ƙasarsu aka kawo su cikin sanyin Jos babu isasshen abinci babu bargo, da yawa suka mutu, da yawa suka gudu. Kasuwar kuza ta duniya ta durƙushe a 1985, amma tun kafin nan manyan kamfanonin sun fara naɗe tabarmarsu, suka bar ramukan a buɗe.

Abin da ya dame ni shi ne, wannan tarihin kakanninmu ne kai tsaye, na Hausawa da Berom da Anaguta da Afizere da duk waɗanda kuza ta haɗa a wuri guda, amma a shekarun da na yi ina bin masu littattafai a garin nan ban taɓa cin karo da littafin Hausa da ya ba da shi daga farko zuwa ƙarshe ba. Wanda ya ɗauki kwanon ƙasa a ka da Hausa ya yi magana da helumansa, da Hausa ya yi waƙar aiki, da Hausa ya yi cinikin abinci a bariki, sai ga shi ɗansa yana sayar da labarinsa cikin harshen da ba ya ji. Hatta kawunan Nok, tsofaffin mutum-mutumin yumɓu da duniya ke taƙama da su, a wajen haƙar kuza aka fara tono su a 1928, kuma su ne ginshiƙin gidan tarihin Jos da aka buɗe a 1952, wanda Baturen nan masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya yi wa hidima. Yaranmu suna zuwa kallonsu da makaranta ba tare da sun san hannun leburori ne ya fito da su ba.

Kayan aikin rubuta irin wannan littafi suna nan kusa da mu. Akwai binciken ɗalibai da malamai a Jami'ar Jos, akwai takardun zamanin Turawa a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, akwai kuma tsofaffi a Gangare da Dilimi da Bukur waɗanda suka yi wankin kuza da hannunsu ko suka ji daga bakin iyayensu. Su ne ya kamata a fara da su, a je da na'urar ɗaukar murya a zauna a zaurukansu, domin takardun Kaduna za su jira mai bincike, tsofaffin kuwa kullum raguwa suke yi.