Godiya ga waɗanda suka riƙe mana zauren karatu

Assalamu alaikum ƴan'uwa.

Mu masu kula da zauren karatu na WhatsApp na nan Damagaram muna godiya ga duk wanda ya zo taron rufe zango ranar Asabar, da waɗanda suka bi shi ta waya daga Yamai, Maraɗi, Agadas da Kano. Hajiyarmu ta Birni da ta ba mu tsakar gidanta, ta shimfiɗa tabarmi, aka yi ta zuba shayi har la'asar sakaliya, Allah ya saka mata da aljanna. Samarin unguwar Zango da suka yi dakon kujeru, mun gode.

Baƙi da dama sun tambaye mu yadda muke zaɓen littafi da yadda muke jan tattaunawa. Za mu amsa a nan, don a cikin amsar ne za a ga mutanen da suka fi cancantar godiyar.

Na farko su ne ƴan kwamitin tacewa, su biyar. A tsakiyar kowane wata ana buɗe ƙofa kwana 3, kowa ya kawo littafi ɗaya, ya faɗi yawan shafinsa, kuɗinsa, inda ake samunsa, da dalilin da ya sa yake so a karanta shi. Kwamiti ba ya wuce da littafi sai ɗaya daga cikinsu ya karanta shi daga bango zuwa bango. Wanda ya haura shafi 200 ana raba shi wata biyu, wanda kuɗinsa ya wuce jaka 2 ana ajiye shi sai an yi karo-karo. Littafi 3 kawai ke zuwa ƙuri'a, ita kuma tana tsayawa kwana 2. In aka sa shida ko bakwai ƙuri'u warwatsewa suke, sai littafin da mutane kaɗan suka so ya ci, ranar zama a tarar rabin zaure bai ko buɗe shi ba. Muna kuma juyawa: wata na labari, wata na tarihi, wata na waƙa ko wasan kwaikwayo. Da an bar wa ƙuri'a komai, labarin soyayya ne zai riƙa cinyewa kullum.

Ana rufe zaɓe kwana 10 kafin a fara karatu, saboda yawancin littattafan Hausa daga Kano suke zuwa. A nan dole mu yi wa direbobin hanyar Matamai da Daura godiya, waɗanda ke ɗauko mana ƙunshi ba tare da sun tsawwala ba. Littafin da ake sayarwa ta waya kuwa, wurin mai shi muke saye. Ba a tura kwafin sata a zaurenmu, domin gumin wani ne. In littafin na Faransanci ne, akwai malamai biyu da ke taƙaita kowane babi da Hausa cikin saƙon murya don waɗanda ba su yi lakwal ba. Allah ya ƙara musu ilimi.

Sai jagororin zama, waɗanda aikinsu ya fi wuya. Kowane mako da nasa jagora, da kuma shafukan da aka yanka masa. Da safiyar Juma'a yake tura tambaya 4, a buɗe zaure ƙarfe 9 bayan isha'i, a rufe ƙarfe 10 da rabi. Duk nauyin yana kan irin tambayar. A watan da muka karanta tarihin Damagaram, da jagora ya tambayi shekarar da aka ɗauke babban birnin Nijar daga Zinder, wato Damagaram, zuwa Yamai, mutum ɗaya zai ce 1926, magana ta mutu. Malamar da ta ja zaman sai ta ce: “Da ke ce mai masaukin fatake a Zango a wannan shekara, me kike ganin zai fara canzawa a gidanki?” Har lokaci ya cika mutane ba su gama ba. Dattawan da ba su taɓa magana a zaure ba suka kawo abin da suka ji daga kakanninsu, sai ga shi an koma ana duba shi da abin da littafin ya ce kan kasuwancin zamanin Sarkin Damagaram Tanimun.

Saƙon murya ba ya wuce minti 2. Mai tsawo yana cinye wa mutane intanet, ba a kuma saurarensa har ƙarshe. Mai amsa ya ja saƙon da yake amsawa, in ba haka ba zance uku ke cakuɗewa. Ba a faɗin abin da ke gaba da shafukan mako. In mutum biyu suka riƙe zaure da gardama, jagora zai kira sunan wani da ya yi shiru, cikin girmamawa: “Yaya, ba mu ji naka ba.” Marubuci kuma, ko ɗan zaure ne, a daren ƙarshe ake gayyatarsa, don a gabansa kunya ke hana a faɗi inda littafi ya yi rauni.

Magatakardanmu na rubuta taƙaitaccen bayani kowace Asabar da safe saboda wanda wuta ta ɗauke masa ko rezo ya ƙi, musamman lokacin zafi. Mutane da yawa ta hanyarsa suka ci gaba da bin karatu. Allah ya biya shi.

Sabon zango na labari ne. Ƙofar kawo littafi za ta buɗe ranar Litinin, ta rufe daren Laraba. Wanda ke son jan zama a karon farko ya tuntuɓi ɗaya daga cikinmu, za a haɗa shi da tsohon jagora su shirya tambayoyin tare.

Mun gode, Allah ya bar zumunci.