Whimsy ba shirme ba ce

Ina koyar da Turanci a darasin yamma a Tudun Wadan Zariya, ga yara masu shirin WAEC da JAMB, kuma akwai kalma guda da nake jin ciwon gurguwar fahimtar da ake yi mata. Ita ce whimsy, ana furta ta kamar "wimzi". Yaro zai duba ƙamus a waya, ya ɗago kai ya ce, "Malam, ai shirme ke nan." Sam, ba shirme ba ce.

Mai shirme bai san abin da yake yi ba. Shi kuwa mai whimsy da hankalinsa, da gangan yake sakin tunaninsa ya yi wasa, ya ƙago abin da ido bai saba gani ba, ba don yaudara ba, ba don riba ba, sai don rai ya yi fari. Ta kuma bambanta da barkwanci. Barkwanci dariya yake nema, wani lokacin har da ɗan cizo, irin wasan da muke yi da Kanawa. Ita murmushi ya ishe ta.

A Ingila an fara rubuta ta tun farkon shekarun 1600, kuma masana na danganta ta da wata tsohuwar kalma, whim-wham, sunan da ake ba 'yan tarkacen ƙawa marasa wani amfani. Daga gidan nan whim da whimsical suka fito, kuma a nan ɗalibai ke tuntuɓe. Whim ganin dama ne, abin da ya faɗo wa mutum a rai nan take. Shi ya sa idan jaridunmu na Turanci suka ce shugaba na mulki bisa "whims and caprices", suna nufin son zuciya yake bi, ba doka ba. Idan aka kira hukuncin alƙali whimsical, an kushe shi. Amma idan zane aka kira haka, ko labarin yara, yabo ne. Sai ka duba abin da aka jingina kalmar da shi kafin ka zaɓi amsa.

Abin da ya fi damuna shi ne yaranmu na ɗauka halin Turawa ne, alhali Zariya cike take da shi. Ka shiga ta Ƙofar Doka ka bi lungunan birni, ka dubi fuskar tsofaffin gidaje. Cikin zayyanar dagi da takobi sai ka ga magini ya zauna ya fitar da keke, ko agogo, da laka ko siminti, a saman ƙofar zaure. Bango zai tsaya ko babu keken. Ruwan sama bai san da shi ba. Mutumin ya gama aikin da aka biya shi, hannunsa bai ƙoshi ba, ya ƙara abin da zai sa mai wucewa ya tsaya. Duk sanda na bi ta wajen nakan ji ƙaunar waɗannan magina da ban san sunansu ba. Haka 'yan tashe in azumi ya kai goma, yaro ɗan shekara bakwai da gemun auduga da tumbin tsumma, yana dogara sanda. Haka motar gwangwanin madara mai tayar tsohon silifa. Gizo ma ai a wannan gida aka haife shi.

Sai ga shi a aji muna kashe abin. Wata ɗalibata ta taɓa rubuta insha'i a makarantarsu ta safe, ta ce rijiyar gidansu tana gunaguni kullum asuba saboda guga na tashinta daga barci. Aka ja mata jan biro, aka rubuta cewa ba gaskiya ba ne. Ta kawo mini takardar idonta ya ciko. Yarinyar ba ƙarya ta yi ba, ta san rijiya ba ta barci, mai karatu ma ya sani. Tun daga ranar, duk Asabar nakan ware rabin awa kowa ya rubuta sakin layi guda da wani abu na cikin gida zai yi magana, turmi ne ko buta ko tsintsiya, da Turanci ko da Hausa. Nahawu nakan gyara shi washegari, bayan kowa ya karanta nasa a gaban aji.