Wasiƙa daga Ingila: ɓeraye, bleomycin da taurin huhu

Assalamu alaikum ƙannena ɗaliban Idi-Araba da Yaba a Legas. Tambayoyinku kan yadda ake sa wa ɓera ciwon taurin huhu, wato tabon da ke sa huhu ya yi tauri, don gwajin magani sun cika mini waya, shi ya sa na haɗa amsa ɗaya.

A nan, kafin ka taɓa ɓera sai takardu sun gajiyar da kai. Dokar 1986 kan gwaji da dabbobi ta wajabta lasisi uku daga ma'aikatar harkokin cikin gida: na wurin, na aikin, da na mai riƙe sirinjin. Sai ka rubuta ɓeraye nawa, me ya hana su yi ƙasa da haka, yaushe za a riƙa auna su, da lokacin kashe wanda ya galabaita, galibi idan ya zubar da kashi 20 cikin ɗari na nauyinsa. Watanni ake yi ana kai da komo. Da ban haushi, amma ku rubuta naku tsarin ko ba a tambaye ku ba, don mujallu sai sun tambaya.

Irin ɓeran da ake kira C57BL/6 ake so, ɗan mako 8 zuwa 12. Irin BALB/c ba ya kamuwa sosai, kada ku karɓe shi don shi ke kusa. A sumar da ɓeran, a ɗiga masa bleomycin, maganin kansa da ke jawo tabo a huhu, ta maƙogwaro sau ɗaya, yunit 1 zuwa 3 a kowane kilo na nauyinsa, cikin maikrolita 50 na ruwan gishiri. In ya kauce ya bi hanyar abinci, huhu zai fito garau.

Makon farko kumburi ne kawai. Tabo yana kankama daga kwana 14, ya yi ƙarfi tsakanin 21 da 28, daga baya ya iya ja da baya da kansa a ɓera mai ƙuruciya, abin da huhun dattijo mai IPF, taurin huhun da ba a san sanadinsa ba, ba ya yi. Wanda ya fara maganin gwaji ranar farko kumburi ya kwantar, ba tabo ba. Ku jira kwana 7 zuwa 10. A ƙarshe a auna hydroxyproline, sinadarin da ke nuna yawan tabo, a rina yankan huhu da rinin Masson mai fito da tabo, mai ba da makin Ashcroft na tsananin tabo kuma kada ya san rukunin da ɓeran ya fito.

Bleomycin na zaman firji, digiri 2 zuwa 8 na Salsiyas, ɗakin ɓeraye kuma 20 zuwa 24. A Legas ku tanadi man janareta kafin ɓeraye su iso.

Ƙurar silika, wato ƙurar dutse da yashi, ita kam tabon da take sa wa huhu ba ya gushewa, amma batunta sai a wasiƙa ta gaba.