Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Wasiƙar Hedimasta

Makon jiya mun tsaya inda aka tura ni koyarwa, cikin ayarin malaman da shirin UPE na 1976, wato na ba kowane yaro ilimin firamare, ya kwaso. Shekarun farko ba abin ba da labari. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne maganar wasiƙa.

Yaranmu sun ci jarrabawar shiga sakandare, hedimasta ya rubuta wa iyaye da Turanci cewa su zauna su yi "brood over" wannan nasara. Na same shi ofis, daga ni sai shi, na ce, "Ranka ya daɗe, wannan kalma ba ta murna ba ce." Asalinta daga kwancin kaza ne, yadda take lafewa kan ƙwai kwana 21, ko tsaba aka watsa da ƙyar take tashi. Bature ya ari wannan ya ɗora wa mutumin da ya kwanta kan baƙin cikinsa yana ta juya shi a zuci. Ana haɗa ta da "over", "on" ko "about", kuma abin da ke biyo baya asara ce, ko cin fuska, ko faɗuwa. In nazari kawai ake nufi, "think over" ta wadatar.

Ni na san abin tun kafin in san sunansa da Turanci. Farin 1973, da shanun Baffa suka ƙare, Kawu Ƙarami ya yi wata da watanni a gindin ɗurumin ƙofar gida, hannu a kumatu, tuwo na sandarewa a gabansa. Baffa, wanda shi ne mai asarar, yakan wuce da fartanya ya ce, "Tagumi ba ya cika rumbu."

Washegari a taron malamai hedimasta ya ɗaga wasiƙar ya ce yaro ɗan jiya zai koya masa Turanci. Aka yi dariya. Ƙamus na nan kan kanta, babu wanda ya miƙa hannu. Haka wasiƙar ta fita, ni kuma zangon da ya biyo aka mayar da ni aji ɗaya.

Uwar gida takan ce in bar zancen, mutumin ma ya riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansa, na yafe. Amma gaskiya tawa ce, kuma a gaban mutane aka tozarta ni. Duk dare da abin ya taso, maganar Baffa nake tunawa in tashi in duba littattafan yara.

Mako mai zuwa zan kawo yadda auren Yaya Babba ya sa na koma gida.