Abin da kakin mota mai tsada ya koya mini a rumfar wanki a Maraɗi

A ƙarshen wannan wata zan ajiye aiki a wurin wankin motocin da na daɗe ina kula da sashen goge fenti da shafa kaki, kuma kafin in tafi na ga ya dace in rubuta wa abokan sana'a, musamman matasan da ke shigowa yanzu, abin da aikin ya koya mini. Ba zan tsaya kan yadda ake riƙe tiyo ko wanke taya ba, domin duk wanda ya ɗan zauna a rumfa ya san wannan. Maganata a kan kakin nan mai tsada ce da ake shafa wa manyan motoci, wanda wasu masu wuraren wanki a Maraɗi suka mayar abin taƙama, alhali ba su san abin da yake yi ba, balle abin da ba zai taɓa iya yi ba.

Kakin da aka fi ji da shi a harkar motoci shi ne karnuba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya da ke tsirowa a arewa maso gabashin Brazil, a jihohi irin su Piauí da Ceará. Ana yanko ganyen a shanya shi, a kakkaɓe garin da ke jikinsa, sannan a narka a tace. Yana da tauri ƙwarai, ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 80, don haka ba ya shafuwa yadda yake sai an gauraya shi da mai da wasu sinadarai masu tausasa shi. Saboda haka idan ka ga an rubuta ɗari bisa ɗari a jikin gwangwani, nufinsu shi ne kakin da ke ciki duka karnuba ne, ba wai gwangwanin cike yake da tsantsarsa ba. Akwai masu sauƙin kuɗi irin na Turtle Wax, akwai matsakaita irin na Meguiar's, sannan akwai irin su Swissvax da Zymöl, waɗanda gwangwani ɗaya daga cikin manyansu ya fi albashin mai wanki na wata nesa ba kusa ba. Dukkansu aiki ɗaya suke yi: suna barin wata siririyar shimfiɗa a kan fenti, wadda ke ƙara masa zurfin ƙyalli, ta sa ruwa ya dunƙule ya gangare, ta kuma rage yadda datti ke maƙalewa.

Abin da ba a cika gaya wa mai mota ba shi ne, kaki ba ya gyara fenti. Fentin motocin zamani hawa-hawa ne, kuma na can sama, wanda ba shi da launi, shi ne ke ba da sheƙin da ake gani. Kaurinsa yawanci bai wuce maikiron 40 zuwa 50 ba, wato bai kai kaurin silin gashin kai ba. Duk wani kwarzane da ido ke gani a jikin baƙar mota, a wannan rufin yake. Kaki yana iya ɗan ɓoye ƙananan zane na ɗan lokaci, amma ba ya cire su, kuma duk abin da ya tarar a kan fenti, ƙura ce ko kwalta ko tabon ruwa, rufe shi yake yi a ciki. Shafa shi a kan motar da ba ta wanku ba daidai yake da shafa mai a jikin da bai ga wanka ba. Saboda haka mafi yawan aikin, da kuma mafi yawan gwaninta, yana ƙarewa ne tun kafin a buɗe gwangwani.

Wannan ne abin da ni da maigidana muka kasa fahimtar juna a kai, kuma shi ne asalin tafiyata, ko da yake an daɗe da yin abin. Ya dawo daga wata tafiya da gwangwanin karnuba mai tsada, ya ajiye shi a ofis cikin akwatin gilashi, yana nuna wa duk alhajin da ya shigo, yana faɗin kuɗinsa. Wata rana a ƙarshen hunturu, lokacin da hazo bai gama wucewa ba amma rana ta fara cizo, direban wani babban ɗan kasuwa ya kawo baƙar Lexus LX 570 da hantsi, ta sha jar ƙura daga tafiyar ƙauye, ya ce Alhaji yana son ta kafin la'asar domin za a kai amarya. Rumfar da muke aikin kaki a cikinta tana ɗauke da motar wani abokin maigida wadda aka gama tun da safe, amma mai ita ya ce kada a fitar masa da ita rana. Maigida ya ce a wanke Lexus ɗin a fili, a shafa mata sabon kakin a nan inda take, domin ya riga ya faɗa wa Alhaji ta waya cewa shi za a sa mata, ya kuma yanka kuɗin da ya dace da hakan.

Na same shi gefe, ba a gaban yara ba, na ce: "Maigida, ranka ya daɗe, motar nan baƙa ce, kuma ka taɓa murfin injin ka ji yadda ya ɗauki zafi. In aka sa kaki a haka zai ƙone a jikinta, ga kuma iska tana kwaso ƙura. A ba mu rumfa, ko kuma a yi mata wanki mai kyau yau, gobe da asuba a dawo da ita a shafa." Bai ko dubi motar ba. Ya ce: "Kai ka sayi kakin ko ni? Abin da ke cikin gwangwanin nan ya fi ƙarfin rana. Je ka yi abin da na sa ka." Na sake maimaita masa, a wannan karo a gaban biyu daga cikin ma'aikata, ya ɗaga murya ya ce in ba zan yi ba akwai masu yi. Mai iyali ba ya jin irin wannan magana ya tsaya gardama.

Har yanzu ina ganin abin da ya biyo baya. Na yi ƙoƙarin bin motar gaɓa-gaɓa, in shafa wa ƙofa ɗaya in goge kafin in matsa, amma kafin soso ya kai ƙarshen murfin inji, farkonsa ya riga ya bushe ya yi fari fat, ya kama fenti kam. Kakin da aka shafa a inuwa, in ka ja yatsa a kai yakan tashi ya bar wuri tas. Wannan kuwa sai da aka danna tsumma da ƙarfi, kuma a tsakanin tsumman da fentin akwai ƙurar da iska ke ta zubawa, wadda yawancinta ɓarɓashin yashi ne, ga shi ya fi fenti tauri. Maigida da ya ga lokaci na tafiya, sai ya turo yara biyu da tsofaffin tawul su taya ni, suka hau dirza suna zagaya hannu. Da aka gama, motar tana ƙyalli in ka tsaya nesa. In ka matso ka sa rana a bayanka, sai ka ga murfin inji da rufin sama da ƙofofi cike da siraran zane masu kewaya hasken rana, ga farin kaki ya maƙale a baƙar robar gefen tagogi da cikin haruffan sunan motar.

Alhaji ya zo da kansa washegari. Mutum ne mai sanyin magana, ya zagaya motar yana duba ta, sannan ya tambayi abin da ya faru. Maigida ya nuna ni da hannu ya ce: "Alhaji, a yi haƙuri, yaron nan ne bai iya aiki da kaya masu tsada ba. Na ba shi abu mai daraja ya lalata." A lokacin na girmi yawancin ma'aikatan wurin, kuma ni na koya musu aikin, amma a wannan rana na zama yaro. Ma'aikatan da suka ji lokacin da na gargaɗe shi suna tsaye, kowa ya sunkuyar da kai, kuma ba na ganin laifinsu, domin su ma abincinsu a hannunsa yake. Ban ce uffan ba. Aka mayar wa Alhaji kuɗinsa, aka yi alkawarin gyara, sannan aka riƙa zaftare mini albashi har aka cike abin da aka mayar, har da kuɗin kakin da aka ce na ɓarnatar.

Gyaran ma ni na yi shi, da dare, a cikin rumfar da aka hana ni da rana. Na wanke motar da sabulun mota da bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye soso, na bi ta da yumɓun da ke tsince dattin da ya nutse a fenti, sannan na sa injin gogewa da man goge mai laushi ina bi a hankali ƙarƙashin fitila, har zanen ya ɓace. Daga nan na shafa wannan kakin dai, siriri, a kan fenti mai sanyi, kuma a nan ne na ga ainihin kyawunsa, domin baƙin ya yi zurfi yadda ban taɓa gani ba. Sai dai duk mai sana'a ya san cewa injin gogewa ba ya cike kwarzane, yana kankare fentin da ke kewaye da shi ne har su daidaita. Wato motar ta rasa wani abu daga rufinta na sama wanda ba zai dawo ba, kuma an rage yawan gyaran da za ta iya ɗauka nan gaba. Wannan ya fi damuna fiye da kuɗin, domin motar ta shigo hannuna lafiya. Da direba ya zo ɗauka, maigida ne ya karɓi yabo, ya ce ka ga aikin kaki mai tsada.

Darasin da na ɗauka ba wai kada a bi umarni ba ne, domin wanda ke ƙarƙashin wani dole ya bi. Amma tun daga ranar, duk aikin da na ga zai cuci mota, ina faɗa a gaban mai motar ko direbansa kafin in taɓa ta, da ladabi, ba a ɓoye a gefe ba. Na koyi cewa sirranta gargaɗi don kare mutuncin na sama yana barin na ƙasa ba shi da shaidar da zai iya buɗe baki. Maigida bai so wannan sabon hali nawa ba, ya ce ina kore masa ciniki, amma alhazan da na gaya wa gaskiya su ne suka riƙa turo motocinsu suna cewa a ba ni.

Gaskiyar da na fi yawan gaya musu ita ce, karnuba ba shi ne ya fi dacewa da Maraɗi ba. A ƙasashe masu sanyi, inda mota ke kwana a gareji, yana iya kai wata biyu ko uku. A nan, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40 a inuwa, fentin baƙar mota da ke tsaye a rana yana ɗaukar zafin da ya wuce haka da nisa, sai kakin ya yi laushi, ya kama ƙura, ya zaizaye cikin ƴan makonni. Motar da ke zirga-zirga kullum tsakanin kasuwa da Ɗan Isa ko hanyar Damagaram, man kariya na haɗin sinadarai ya fi mata amfani, domin yana jure zafi, yana kai watanni, kuma bai kai karnuba mai suna tsada ba. Wanda ke da hali yana iya sa rufin siramik, wato wani ruwan kariya da ke bushewa ya yi tauri a kan fenti, in ya sami wanda ya iya shirya fenti da gaske, domin shi ma duk aibin da ya tarar yana kulle shi ne, kuma cire shi ya fi na kaki wuya. Karnuba na motar biki ne, ko irin ƙananan motocin gudu da ƴaƴan alhazai ke fitowa da su da yamma su mayar gareji, inda ake neman kyan gani fiye da daɗewa.

Kuma ko wane iri aka shafa, babban mai lalata fenti a garin nan ba rana ba ce, direba ne mai son aikinsa, wanda kullum da safe yake ɗaukar busasshen tsumma ya share ƙurar dare daga jikin motar maigidansa. Yana yi ne da kyakkyawar niyya, amma kowace shara kwarzane ce. Na fi ɓata lokaci wajen roƙon direbobi su zuba ruwa tukuna, ko su bar ƙurar har a zo wanki, fiye da lokacin da na ɓata wajen bayanin kaki. Haka nan omo da sabulun wanke-wanke, waɗanda har yanzu ake zubawa a bokiti a wurare da yawa saboda arha, suna cinye kakin da aka biya kuɗi mai yawa aka shafa.

Sauran abubuwan gajeru ne. Kakin da aka lafta da kauri bai fi siriri kariya ba, wahalar gogewa kawai yake ƙarawa. Motar da fentinta marar ƙyalli ne daga kamfani, ba a sa mata kakin ƙyalli ko injin gogewa, domin tabon da zai bari sai sabon fenti. Motar da ta fito daga wurin mai fenti a bar ta aƙalla wata guda kafin a rufe ta da kaki. A manna tef a kan baƙar roba kafin a fara. Tsumman maikirofaiba, wato mai laushin nan da ake goge fenti da shi, in ya faɗi ƙasa ya gama aikin fenti a ranar, sai dai taya. Kada a bar ruwa ya bushe da kansa a jikin mota mai zafi.

Yaran da na koya wa aiki sun san duk wannan, kuma biyu daga cikinsu hannunsu ya faɗa sosai, har ina iya bar musu baƙar Range Rover in tafi sallah ba tare da fargaba ba. Da na sanar da maigida zan tafi, ya ce in faɗi abin da nake so a ƙara mini. Na ce masa ba ƙari nake nema ba, kuɗin da aka cire mini saboda Lexus ɗin nan nake so a mayar, ko kuwa ya faɗa a gaban ma'aikata cewa na gargaɗe shi. Ya ce shi bai tuna an yi haka ba.