Abin da Na Koya a Sashen Kilematis

Na bar gandun furannin da nake aiki a kudancin Ingila, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne datsar da aka sa mu yi a wani watan Fabrairu.

Duk wanda ya taɓa riƙe almakashi a wannan sashe ya san kilematis, wato wata shukar fure mai yaɗo da ke hawa bango ko shinge, ba iri ɗaya ba ce. Jackmanii, wadda aka samar a garin Woking na Ingila tun ƙarni na 19, kan sabon reshe take fure, don haka ana datse ta har kusan santimita 30 daga bakin tukunya, ta sake tohowa. Nelly Moser kuwa a kan rassan bara take ɗaukar furenta na farko, wajen Mayu zuwa Yuni. Busasshen reshe kawai ake cire mata, a tsaya a kan idon toho mai ƙwari.

Sabon ogan da aka kawo mana daga sashen sayar da kaya ya ce yana son layin tukwanen Nelly Moser ya fito tsaf, kowacce tsayi ɗaya. Na nuna masa tohon da suka kumbura a jikin rassan, kore shar, biyu-biyu suna fuskantar juna. Na ce furen Mayu ke nan a ciki. Ya ce ba shawara ya tambaye ni ba. Muka datse. Da Mayu ya zo, masu saye suna wuce layinmu saboda ganye kawai ke nan, ba fure ko ɗaya. A taron ma'aikata sai ya ce sashena bai san aikinsa ba, kuma waɗanda suka ji maganarmu ranar babu wanda ya ce uffan. Har yanzu abin yana yi mini ciwo. Tun daga nan, in an ba ni umarnin da na san zai ɓata shuka, sai an rubuta mini shi kafin in taɓa almakashi, kuma ina ba duk mai shigowa sabo wannan shawara.

Sauran darussan ba su da wuya. Tukunya kada ta gaza santimita 45 a zurfi da faɗi. Baƙar tukunyar roba tana dafa saiwa in rana ta buga ta, gara ta yumɓu mai kauri, ko a kāre ta da wata shukar, saman kilematis ɗin kuma ya sha rana. Masu manyan fure a nutsa gindinsu cikin ƙasa fiye da yadda suka zo, don in cutar yaushi ta kashe sama, gindin ya sake tsirowa. A ɗaga tukunya ruwa ya riƙa tsiyayewa a hunturu. A sauya ƙasar saman kowace bazara.

Tukwanen Nelly Moser ɗin nan ni na yi jinyarsu, na ɗaure sababbin rassa ɗaya bayan ɗaya, suka yi fure a ƙarshen Agusta aka sayar da su. A rahoton shekara sunan ogan aka sa.