Sati na biyar: farare biyu sun tona mana asiri

Salam 'yan'uwa masu koyon kiwon zomo. Yau 'ya'yan zomanyata suka cika sati biyar cif, da sassafe na saci sikelin kicin ɗin uwargida na auna su ɗaya bayan ɗaya kafin ta tashi. Bakwai aka haifa kuma bakwai ɗin na nan alhamdulillah, babbansu giram 790, ɗan autan da nake ta fargaba a kansa ya kai 600. Sun saba da felet (abincin zomo na kanti mai ƙwaya-ƙwaya) yanzu, ina haɗa musu da harawa da ɗan ganyen dankali da nake tsinta a kasuwar Farin Gada, amma sai na bar shi ya sha iska ya ɗan yi yaushi tukun, ɗanye shar ɗin nan shi ya taɓa sa min wasu zawo bara. Sanyin Jos na bana kuwa ba wasa, da daddare buhu nake rufa wa kejin ta ɓangaren da iska ke kaɗowa in bar ɗaya gefen a buɗe.

To wannan duk lafiya lau. Abin da ya hana ni barci daban ne.

Uwar dai na saye ta ne wajen wani mutum da ya rantse min Chinchilla ce, wato irin zomon nan ruwan toka, zalla ba gauraye, namijin kuma ya fi shekara a hannuna, shi ma Chinchilla, ni da bakina nake yabonsa ko'ina. Na kai ta kejinsa aka yi barbara, kwana 31 ta haihu. Da na leƙa akwatin na ga biyar fatarsu da duhu-duhu, biyu kuma jajaye sur kamar an fere su, na ce a raina ƙila gashi ne bai fito ba. Gashi ya fito fari fat. Kwana na 11 suka buɗe ido, ja. Zomo fari mai jan ido, daga uwa ruwan toka da uba ruwan toka! Na ma jira ko hanci da kunne za su yi baƙi irin na Californian, wani irin farin zomo mai baƙin hanci da kunne, tunda shi sanyi ne ke ƙara fito masa da baƙin, kuma sanyi ai ba mu rasa shi ba, shiru, har yau farare ne tas.

Wallahi raina ya ɓaci, har na rubuta wa mai zomanyar saƙo mai zafi a WhatsApp, Allah ya taimake ni ban tura ba. Ranar Asabar na saka ta a kwali da farin guda na hau keke napep sai Bukuru, wajen wani dattijo da ya fi shekara ashirin yana wannan kiwo, Baba kawai muke ce masa. Bai ce min komai ba da farko. Ya ɗora ta a cinyarsa ya sunkuya ya hura gashin bayanta da baki, gashin ya buɗe kamar fure, ya ce zo ka gani. Can ƙasa kusa da fata shuɗi-shuɗi mai duhu, tsakiya fari, sai bakin gashin baƙi, zobe-zobe. Ya ce launi kam na Chinchilla ne, amma dubi kafaɗarta yadda ta tsuke. Ni kuma na ci gaba da zuba, Baba an cuce ni, Baba mutumin nan ba shi da tsoron Allah. Ya bari na gama sannan ya ce, "Ɗana, namijin fa na wa ne?" Na ce nawa ne Baba. Ya ce, "To farin nan ba ya fitowa daga uwa kaɗai. Sai uba ma ya ba da nasa."

Jikina ya yi sanyi.

Ga yadda abin yake, na koma gida na sake bibiya kuma haka ne. Kowane ɗan zomo yana karɓar ƙwayar gadon launi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Ta Chinchilla tana danne ta farin nan mai jan ido. Shi ya sa in ka haɗa Chinchilla da farin zomo mai jan ido da ake kira New Zealand, 'ya'yan farko yawanci ruwan toka za su fito, kowa ya gani zai ce Chinchilla ne, alhali kowannensu na ɗauke da farin a ɓoye. Sai ranar da biyu masu ɓoyon suka haɗu, a nan ne kusan ɗaya cikin huɗu zai fito fari. Ni biyu cikin bakwai na samu, lissafin bai yi nisa ba. Abin da ya fi ci min rai ma su ruwan tokan biyar ɗin ne, don a ƙa'ida biyu cikin kowane uku suna ɗauke da shi, kuma ko ka kwana kana kallonsu ba za ka gane wanne ne ba.

Laifi tudu ne dai. Namijin nan nawa mutum uku na ba aronsa a unguwa suka yi barbara da shi, ban karɓi ko sisi ba, ina ganin alheri nake yi, kowannensu kuma ya sayar da 'ya'yan da sunan Chinchilla zalla saboda ni na ce musu haka. Ni da nake shirin zagin wani.

Wani zai ce to meye a ciki, zomo ai zomo ne, a tukunya wa ke tambayar launi. Gaskiya ne in nama kake so. Amma farin nan alama ce kawai, shi ne abin da ido ya iya kamawa, sauran abin da ya shigo tare da shi ba a gani sai an ɗora a sikeli ko an zo haihuwa. Kuma ba New Zealand kaɗai ake cusawa ba, har ƙananan zomayen gida da ba sa wuce kilo biyu, duk wanda ya fito ruwan toka an raɗa masa suna. Watan jiya wani bawan Allah ya zo daga Abuja neman iri, da na nuna masa nawa sai ya yamutsa fuska ya ce shi ya gama da Chinchilla, ya saya sau biyu, wata shida ba su kai kilo biyu ba, macen kuma ta watsar da 'ya'yanta a kan wayar keji ba ta ko tsige gashi ba. Ya tafi zai gaya wa mutum goma cewa Chinchilla ba ya girma. Shi kuwa bai taɓa riƙe Chinchilla na gaske ba a rayuwarsa, suna ya saya.

Kuma irin nan ba shi da yawan da za a yi wasa da shi. A Faransa aka fara baje shi a 1913, ya shiga Amurka a 1919, a can suka yi ta zaɓen manya-manyan har suka fitar da nasu mai nauyi da ake kira American Chinchilla. Lokacin da kasuwar fatar zomo ke ci an yi rububinsa sosai, da kasuwar ta mutu kuma masu nama suka koma kan fararen zomaye sai ya ja baya, har ƙungiyar Livestock Conservancy ta Amurka, mai kare irin dabbobin kiwo, ta saka shi cikin dabbobin gida da ake fargabar ƙarewarsu. Iri uku ne ma, abin da yawancinmu ba mu sani ba: ƙaramin na asali da bai cika wuce kilo 3 da rabi ba, na Amurka da macensa ke kai kilo 4 da rabi zuwa 5 da rabi, sai ƙaton da ke iya kai kilo 7. Mu nan duk sunansu ɗaya. Mutum zai sayi ƙaramin yana jiran ya zama ƙato, in bai zama ba ya ce iri ne mara kyau.

Kar a fahimce ni ba daidai ba, ni ban ce gauraya haramun ba ce. Californian ɗin da muke ji da shi ai da gauraye aka samar da shi a Amurka, Chinchilla da wani iri mai suna Himalayan da farin New Zealand aka harhaɗa, amma mutumin ya san me ya haɗa da me, ya yi shekaru yana zaɓe, da ya gama kuma ya ba shi sunansa daban. Ruwa biyu na farko sau da yawa ma sun fi saurin girma, masu kiwon nama da gangan suke yi. Matsalarmu ita ce a saki namiji a keji ɗaya da mata huɗu, ba a san wa ya hau wa ba, ba a rubuta komai ba, ranar sayarwa kuma a dubi launi a zaɓi sunan da ya fi tsada. Baba ya ce min a zamanin da ya fara, in ka je sayen iri sai an nuna maka uwa da uba, yanzu hoto ake turo maka a waya, hoton ma wataƙila ba na gidan ba ne.

Abin da na fara yi daga wannan satin: kowane keji na manna masa kati, sunan uwa, sunan uba, ranar barbara, ranar haihuwa, nawa aka haifa nawa suka rayu, da nauyi duk Asabar. Masu kiwo a Amurka lamba suke bugawa a cikin kunnen hagu kuma takardar asali sai ta nuna kakanni har hawa uku, ni ba ni da abin bugawar, alƙalamin maka nake amfani da ita ina sabuntawa duk sati don tana gogewa. Farare biyun na nama ne, an gama magana. Ruwan tokan zan yaye su sati mai zuwa in raba maza da mata kafin wata uku, in ajiye biyu mafi faɗin baya. In sun kai wata shida zan gwada kowanne da farin New Zealand, Baba ya ce zai ara min. In mai ɓoyon ne kusan rabin 'ya'yan za su fito farare, in kuwa aka haifi bakwai ko takwas babu fari ko ɗaya to da alama ya tsira, duk da haka sai na maimaita kafin in yarda. Wannan ma launi kawai zai wanke, ba zai maida su zalla ba, don haka a katinsu na rubuta ruwa biyu da babban baƙi.

Mutum ukun da na ba aron namiji na kira biyu jiya. Ɗaya ya yi dariya ya ce dama ya ga fari a nasa ya ɗauka ikon Allah ne, ɗayan kuma bai ji daɗi ba sam, ya riga ya karɓi kuɗin mutane na guda shida. Na ukun wayarsa a kashe, gobe in na taso daga kasuwar Katako sayen dusa zan biya ta gidansa.